Amsoshin Wasiƙunku: Shekarar 2014 a Ƙasar Sikotilan

Tun da muka ambaci ƙasar Sikotilan a gefen wata amsa da muka bayar kan ma'anar ƙuri'ar raba gardama, wasiƙu suka yi ta shigowa, galibinsu daga cikin birnin Katsina da Daura, kowa da abin da yake neman ƙarin haske a kansa. Da na jera su a gabana sai na tarar kusan dukkansu suna komawa ga shekara guda, wato 2014, saboda haka na haɗa su wuri ɗaya. Na taƙaita waɗanda suka yi tsawo, waɗanda kuma suka zo da tambaya iri ɗaya na zaɓi guda ta wakilci sauran.

Daga wani malamin tarihi a makarantar sakandare, Ƙofar Sauri, Katsina:

Assalamu alaikum. Na gaya wa ɗalibaina cewa Sikotilan da Ingila ƙasa ɗaya ce, sai wani yaro ya ce to don me kowacce take da tata ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Na kuma ji an ce a 2014 sun nemi ɓallewa. Ina roƙon a warware mini wannan ƙulli.

Wa alaikumus salam, Malam. Yaron nan naka ya yi tambayar da ta dace, ka riƙe shi da kyau. Abin da muke kira Birtaniya gamayya ce ta yankuna huɗu, wato Ingila da Sikotilan da Wels da Ayalan ta Arewa, amma da yake Ingila ce babba, kuma a cikinta Landan take, sai bakinmu ya saba da kiran duk Baturen da ya fito daga can ɗan Ingila. Ɗan Sikotilan ba ya jin daɗin wannan ko kaɗan, kamar yadda Bakatsine ba zai so a kira shi Bazazzagi ba don kawai sun zauna a jiha ɗaya kafin 1987.

Sikotilan daɗaɗɗiyar masarauta ce da ta sha gwabzawa da maƙwabciyarta ta kudu, kuma yaƙin da suka fi tinƙaho da shi shi ne na Bannockburn, a watan Yunin 1314, inda sarkinsu Robert Bruce ya karya rundunar Sarkin Ingila Edward na Biyu. A 1603 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta rasu ba ta bar ɗa ba, sai gadon sarautar Ingila ya faɗa hannun Sarkin Sikotilan James na Shida, ya zamana sarki ɗaya ne amma kowace ƙasa da majalisarta. Sai a 1707 aka haɗe majalisun biyu a Landan, 'yan shekaru bayan attajiran Sikotilan sun tafka mummunar asara a yunƙurinsu na kafa ƙasar mallaka a Darien, cikin Panama ta yau. Duk da wannan haɗewa sun riƙe tsarin shari'arsu da cocinsu da tsarin makarantunsu, har yau kuma bankuna uku na can suna buga nasu takardun fam. Ƙungiyar ƙwallon da ɗalibinka ya hango tana cikin irin waɗannan abubuwa da ba a taɓa haɗewa ba.

Hanya mafi sauƙi da za ka fahimtar da yara ita ce ta gandu. Shekaru kusan ɗari uku ana noma gandu ɗaya, rumbu ɗaya, mabuɗi a hannun Landan. A 1997 aka yi ƙuri'a, a 1999 aka buɗe musu majalisa a Edinbara, babban birninsu, mai kula da lafiya da ilimi da 'yan sanda da noma, wato an yanka musu gayauna, amma tsaro da harkokin waje da takardar kuɗi suka ci gaba da zama a hannun maigida. Abin da aka tambaye su a 2014 shi ne ko a raba gandun gaba ɗaya, kowa ya kafa nasa rumbun.

Yadda aka kai ga haka kuwa, jam'iyyar SNP mai rajin 'yancin kai ta lashe kujeru 69 daga cikin 129 a zaɓen majalisar Edinbara na 2011. Ranar 15 ga Oktoban 2012 shugabanta Alex Salmond da Firaministan Birtaniya David Cameron suka rattaba hannu kan yarjejeniyar cewa za a yi ƙuri'ar, kuma kowa zai mutunta abin da ta haifar. Aka yi ta ranar Alhamis 18 ga Satumban 2014, da tambaya guda a kan takarda, ko Sikotilan ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, e ko a'a. Masu a'a suka sami ƙuri'u 2,001,926, wato kashi 55.3 cikin 100, masu e suka sami 1,617,989, wato kashi 44.7. Kashi 84.6 cikin 100 na waɗanda suka yi rajista sun fito, a ƙasar da yawan mutanenta a ƙidayar 2011 bai wuce miliyan 5.3 ba, wato bai kai na Jihar Katsina a ƙidayar 2006 ba.

Akwai abu ɗaya da nake so ka tsaya a kansa a aji, domin ya shafi irin gardamar da muke yi a nan kan ɗan asali da baƙo. Wurin zama aka duba wajen ba da damar jefa ƙuri'a, ba a nemi takardar asalin kowa ba. Ɗan Najeriyar da ke zaune a Gilasgo bisa ƙa'ida, kasancewarsa ɗan ƙasa renon Ingila, yana da ikon yin rajista ya jefa, alhali dubban ɗaruruwan haifaffun Sikotilan da ke zaune a Ingila ba su da shi. Ɗan wasan tanis Andy Murray, wanda ya lashe gasar Wimbledon a 2013, ya bayyana goyon bayansa ga ɓallewa a safiyar ranar, amma shi kansa bai jefa ba saboda a Ingila yake zaune. An kuma bar 'yan shekara 16 da 17 sun jefa, karo na farko a wata babbar ƙuri'a a Birtaniya, wato sa'o'in ɗalibanka na ajin ƙarshe.

Daga wani ɗan kasuwa mai harkar man fetur, Daura:

Na ji an ce man da Birtaniya ke haƙowa a ruwan Sikotilan yake. Mutumin da rijiya take ƙofar gidansa, yaya za a ce masa ya karɓi gugansa ya ce ba ya so?

Alhaji, gaskiya ne mafi yawan man da ake haƙowa a Tekun Arewa yana ɓangaren Sikotilan, kuma birnin Abadin shi ne cibiyar harkar, kamar yadda Fatakwal take a wurinmu. Tun shekarun 1970 jam'iyyar SNP take yaƙin neman zaɓe da cewa man nan nasu ne. Shi kansa Salmond masanin tattalin arziki ne da ya yi aiki a banki a fannin mai kafin ya shiga siyasa, don haka ya san inda zai taɓa. A watan Nuwamban 2013 gwamnatinsa ta fitar da kundi mai shafi 670 na yadda sabuwar ƙasar za ta kasance, har da ranar samun 'yanci, 24 ga Maris na 2016.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne maganar kuɗi. Salmond ya ce za su ci gaba da amfani da fam tare da sauran Birtaniya. A watan Fabrairun 2014 ministan kuɗi George Osborne ya je har Edinbara ya ce wanda ya bar gida ya bar fam, manyan jam'iyyun Landan uku kuma suka haɗa baki a kan haka. A watan dai shugaban hukumar Tarayyar Turai José Manuel Barroso ya ce zai yi matuƙar wuya sabuwar ƙasar ta sami shiga tarayyar. Ana saura kwanaki kaɗan a jefa ƙuri'a manyan bankuna, ciki har da Royal Bank of Scotland, suka sanar cewa in aka ɓalle za su mayar da rajistar hedikwatarsu Ingila. Kai ɗan kasuwa ne, ka san mutum yana iya jure kowace irin magana, amma ranar da aka ce ba a san da wane kuɗi za a biya shi fanshonsa ba, to barci ya ƙaurace masa. Dattawa da masu ɗan abin hannu sun fi karkata ga a'a, kuma hakan ya bayyana a taswira: daga cikin ƙananan hukumomi 32, huɗu kaɗai suka zaɓi ɓallewa, wato Gilasgo da Dundee da North Lanarkshire da West Dunbartonshire, duk yankunan ma'aikata da masana'antunsu suka durƙushe, yayin da Edinbara, garin bankuna da manyan ma'aikata, ta ba masu a'a kimanin kashi 61 cikin 100.

Kada ka ɗauka nasarar ta zo da sauƙi. Ranar 7 ga Satumba wata jarida ta buga sakamakon jin ra'ayin jama'a da ya nuna masu e sun sha gaba da kashi 51, nan take hankalin Landan ya tashi. Cameron da shugaban 'yan adawa Ed Miliband da mataimakin firaminista Nick Clegg suka bar zaman majalisa suka garzaya arewa, sa'annan ranar 16 ga wata aka buga alkawarin da su ukun suka sa wa hannu a shafin farko na jaridar Daily Record, cewa in an zauna tare za a ƙara wa majalisar Edinbara iko, wato za a faɗaɗa gayauna. Wanda ya jagoranci masu a'a a hukumance shi ne tsohon ministan kuɗi Alistair Darling, amma wanda ya zaburar da su a makon ƙarshe shi ne tsohon Firaminista Gordon Brown, shi ma ɗan ƙasar, wanda za ka iya tunawa ya zo Abuja a watan Mayun 2014 kan shirin kare makarantu bayan sace 'yan matan Chibok. Ko Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wadda al'ada ta hana ta tsoma baki, an ji ta a ƙofar coci kusa da gidanta na Balmoral tana cewa tana fatan mutane za su yi tunani mai zurfi kan makomarsu, kowa kuma ya gane inda ta dosa.

Sai kuma abin da kai ka fi ni sani. A tsakiyar 2014 gangar mai ta haura dala 110, kafin ƙarshen Disamba ta faɗo ƙasa da dala 60, a farkon 2016 kuma, gab da lokacin da aka tsara za a ɗaga sabuwar tuta, ta taɓa sauka ƙasa da dala 30. Faɗuwar nan ce ta sa Babban Bankin Najeriya ya karya darajar naira a watan Nuwamban 2014 daga 155 zuwa 168 a kan dala. A ganina, da sun ɓalle da lissafin da aka yi musu kan tsohon farashi, da shekarunsu na farko sun yi musu ɗaci. Masu goyon bayan ɓallewa suna mayar da martani cewa da tun farko an bar musu kuɗin man sun tara shi a asusu kamar yadda Nowe ta yi, da faɗuwar farashi ba ta girgiza su ba, kuma wannan ma magana ce da ba a ture ta da ƙafa.

Daga wata ɗalibar kimiyyar siyasa, Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Shin gaskiya ne jagoran masu neman ɓallewa ya sauka da kansa, mace ta gaje shi? Kuma me ya same shi daga baya, an gurfanar da shi kan cin amanar ƙasa?

Ƙanwata, rabin tambayarki ta biyu ya tuna mini safiyar Juma'a 19 ga Satumban 2014. Ina zaune a teburin mai shayi kusa da Ƙofar Soro, rediyo na kan benci tsakanin gwangwanin madara da tiren burodi, aka karanta sakamakon. Wani dattijo da ya yi aikin soja a zamanin yaƙin basasa ya ajiye kofinsa ya tambaye ni ko an riga an kama shi mai cewa a raba ƙasar. Na ce masa ba a kama shi ba, yana ma gidan gwamnati, shi ne shugabanta. Ya yi shiru yana juya cokali, can ya ce to ashe wasa suke yi. Ban ga laifinsa ba, domin shi abin da ya sani game da raba ƙasa shi ne abin da ya gani da idonsa tsakanin 1967 da 1970.

Ba a tuhumi kowa da cin amanar ƙasa ba, tun da da yardar gwamnatin Landan aka yi ƙuri'ar. Iyakar tashin hankalin da aka gani shi ne hatsaniyar da ta ɓarke a dandalin George da ke Gilasgo a daren wannan Juma'a, 'yan sanda suka kama wasu. Da yammacin ranar Salmond, wanda yake Babban Minista, wato shugaban gwamnatin Sikotilan, tun 2007, ya sanar cewa zai sauka daga shugabancin gwamnati da na jam'iyya. Mataimakiyarsa Nicola Sturgeon, lauya, haifaffiyar garin Irvine a 1970, wadda ta shiga jam'iyyar tun tana da shekara 16, ta karɓi jam'iyya ba hamayya ranar 14 ga Nuwamba, aka rantsar da ita ranar 20 ga wata a matsayin mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami, ta kuma naɗa majalisar ministoci rabi maza rabi mata.

Abin da ya kamata ɗalibar siyasa ta lura da shi shi ne cewa waɗanda suka faɗi a akwati su suka kwashe ribar. Kafin ƙuri'a mambobin SNP kimanin 25,000 ne, kafin shekara ta ƙare sun haura 80,000. Jam'iyyar Leba, wadda ta yi shekaru hamsin tana ɗaukar Sikotilan kamar gonar gado, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da jam'iyyar Cameron ta masu ra'ayin riƙau wajen cewa a'a, talakawanta kuwa ba su yafe mata ba. Shugabarta a can, Johann Lamont, ta yi murabus a watan Oktoba tana ƙorafin cewa uwar jam'iyya a Landan na kallonsu kamar wani ƙaramin reshe. A babban zaɓen Mayun 2015 SNP ta lashe kujeru 56 daga cikin 59 na Sikotilan a majalisar Landan, Leba ta tashi da guda ɗaya tak bayan tana da 41.

Ƙarshen mutanen biyu bai yi daɗi ba. Salmond ya fuskanci shari'a kan zargin cin zarafin mata, kotu ta wanke shi a watan Maris na 2020, amma tsakaninsa da Sturgeon ya ɓaci har ya kafa wata jam'iyya, ya kuma rasu ranar 12 ga Oktoban 2024 a Masedoniya ta Arewa, inda ya je taro. Ita kuwa ta sauka a 2023 bayan ta fi kowa daɗewa a kan kujerar. Buƙatarta ta a sake ƙuri'a, wadda ta ƙara ƙarfi bayan kashi 62 cikin 100 na 'yan Sikotilan sun zaɓi zama a Tarayyar Turai a 2016 amma aka fice da su, ta ci karo da hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na Nuwamban 2022 cewa majalisar Edinbara ba ta da ikon shirya ta ba da yardar Landan ba.

Daga wani matashi mai gidan kallon ƙwallo, Sabuwar Unguwa, Katsina:

Ni dai siyasa ba ta dame ni ba. Na tuna wata shekara da 'yar Najeriya ta ci tsere a can ana cikin bikin Sallah. Wace gasa ce?

Ɗan'uwa, ƙwaƙwalwarka ba ta yaudare ka ba. Wasannin ƙasashe renon Ingila ne da aka yi a Gilasgo daga 23 ga Yuli zuwa 3 ga Agustan 2014, ƙasashe da yankuna 71 suka halarta. Blessing Okagbare ta lashe tseren mita 100 ranar 28 ga Yuli cikin daƙiƙa 10.85, abin da ya kafa sabon tarihi a gasar, daidai lokacin da ake hidimar ƙaramar Sallah a nan, bayan kwana uku kuma ta ƙara da na mita 200. Ese Brume ta ci zinare a dogon tsalle, 'yan kokawarmu mata Odunayo Adekuoroye da Aminat Adeniyi su ma suka ɗauko nasu, ko da yake murnar ta sami tabo da aka ƙwace zinaren wata yarinya mai ɗaga nauyi bayan gwaji ya nuna ta sha haramtaccen magani. Masu masauki sun tashi da lambobi 53, 19 daga ciki na zinare, mafi yawa a tarihinsu. Usain Bolt bai yi tseren mutum ɗaya ba, sai na miƙa sanda, inda ya kai Jamaika ga zinare a filin Hampden. Abin dariya a bikin buɗewa shi ne sandar da ta zaga duniya ɗauke da saƙon Sarauniya ta ƙi buɗuwa a gabanta, shugaban hukumar wasannin ya yi ta fama da murfinta duniya na kallo kafin ta saki.

Tun da kai mai gidan kallo ne, a wannan filin na Celtic da aka yi bikin buɗewa ɗan Kaduna Efe Ambrose yake tsaron baya a lokacin, kuma da shi ƙungiyar ta ɗauki kofin lig na kakar 2013 zuwa 2014, kafin ya tafi Barazil da tawagar Najeriya gasar cin kofin duniya. Labarin da ya fi ba mutanen can daɗi shi ne na ƙaramar ƙungiyar St Johnstone ta garin Perth, wadda ta doke Dundee United da ci 2 da nema a watan Mayu ta ɗauki babban kofinta na farko bayan shekara 130 da kafuwa. A ƙarshen Satumba kuma aka yi gasar golf ta kofin Ryder a Gleneagles, Turai ta doke Amurka. Wannan wasa a ƙasarsu ya samo asali, suna ji da shi kamar yadda Katsinawa ke ji da folo tun zamanin Sarki Dikko.

Daga wata Hajiya, Unguwar Kusugu, Daura:

Ɗana zai tafi karatu can. Akwai Musulmi kuwa, kuma suna da ta cewa?

Hajiya, Allah ya ba shi sa'a. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi kimanin 77,000, wato kashi 1.4 cikin 100, mafi yawansu 'yan asalin Pakistan, kuma sun fi taruwa a Gilasgo, inda babban masallacin da aka buɗe a 1984 yake a bakin kogin Clyde. Ba su da yawa, amma a siyasa sun wuce adadinsu, kuma a 2014 an same su a kowane ɓangare. Humza Yousaf, wanda aka haifa a Gilasgo a 1985, mahaifinsa daga Pakistan, mahaifiyarsa daga Kenya, yana ƙaramin ministan hulɗa da ƙasashen waje a gwamnatin Salmond, yana yawon neman a ce e. A ɗaya gefen akwai Anas Sarwar, mataimakin shugabar Leba a can, wanda ya riƙe jam'iyyar na wucin gadi da Lamont ta sauka, kuma mahaifinsa Mohammad Sarwar shi ne Musulmi na farko da aka zaɓa majalisar dokokin Birtaniya, a 1997. Bayan shekara tara, a watan Maris na 2023, Yousaf ya gaji Sturgeon ya zama Musulmi na farko da ya shugabanci gwamnatin Sikotilan, ko da yake shekara ɗaya da 'yan makonni ya yi ya sauka, John Swinney ya karɓa.

Abin da zan ce ki ja masa kunne a kai shi ne lokutan sallah da azumi. Ƙasar tana can arewa ƙwarai, da rani irin nasu rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, da hunturu kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba. Azumin 2014 ya faɗo a Yuli, suka riƙa kai sa'a goma sha tara ba su sha ruwa ba. Ya nemi jadawalin masallacin garin da zai zauna tun ranar da ya sauka.

Daga wani direban babbar mota, Jibiya:

Na taɓa jin labarin motar shara da ta kashe mutane a can. A wannan shekarar ce? Me aka yi wa direban?

A cikinta ne, Malam. Ranar 22 ga Disamba, ana tsakiyar sayayyar Kirsimeti a tsakiyar Gilasgo, direban motar kwashe shara ya suma a kan sitiyari, motar ta hau gefen titi ta bi ta kan masu tafiya, ba ta tsaya ba sai da ta daki bangon wani otal a dandalin George. Mutum shida suka mutu, uku daga ciki 'yan gida ɗaya, yarinya 'yar shekara 18 da kakanninta biyu, wasu 15 suka jikkata. Binciken da aka yi a 2015 ya gano ya taɓa suma a 2010 lokacin yana tuƙin bas, ya ɓoye wa masu ɗaukarsa aiki da hukumar lasisi. Masu gabatar da ƙara sun riga sun yanke cewa ba za a tuhume shi kan mutuwar ba, iyalan mamatan suka nemi izinin shigar da ƙara da kansu, kotu ta hana. Na daɗe ina ganin an yi gaggawar rufe wannan ƙofa. Kai da abokan aikinka da ke kwana a hanya kuna farkawa da goro da shayi, wanda ya san jiri na ɗibarsa ko yana da hawan jini ya je asibiti a duba shi kafin ya sake riƙe sitiyari.

Birnin ya sha wasu jarrabawa a shekarar. Ranar 23 ga Mayu gobara ta tashi a makarantar koyon zane ta Gilasgo, ginin da Charles Rennie Mackintosh ya tsara aka kammala a 1909, ta cinye ɗakin karatunsa da ake zuwa kallo daga ko'ina, ba a rasa rai ba. Ana gab da gama gyara wata gobarar ta sake tashi a 2018 ta yi masa kaca-kaca. Sa'annan ranar 29 ga Disamba aka tabbatar wata ma'aikaciyar jinya, Pauline Cafferkey, ta dawo daga aikin sa kai a Saliyo ɗauke da cutar Ebola, karo na farko da aka gano cutar a cikin Birtaniya, wata biyu bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa Najeriya ta rabu da ita. An kai ta wani asibiti a Landan, ta kai gargara, amma ta tashi aka sallame ta a ƙarshen Janairu.

Daga wani dattijo, tsohon ma'aikacin En'e, Daura:

Ku yaran zamani kuna ta mamakin Turawa. Ba a taɓa yin irin wannan ƙuri'a a ƙasar nan ba ne?

Baba, Allah ya ƙara girma, an yi, kuma kai ka fi mu kusa da zamanin. A watan Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'a a yankin Kamaru da ke ƙarƙashin riƙon Ingila, aka tambayi mutane ko su bi Najeriya ko su bi Jamhuriyar Kamaru. Na kudu suka zaɓi Kamaru, na arewa, wato su Mubi da Gwoza da Ganye da tsaunin Mambila, suka zaɓi Najeriya da kimanin kashi 60 cikin 100, aka haɗe su ranar 1 ga Yuni aka kira yankin Lardin Sardauna, don girmama Sa Ahmadu Bello da ya yi tsayin daka a kan lamarin. A 1963 ma da ƙuri'ar raba gardama aka yanke Jihar Yamma ta Tsakiya daga Jihar Yamma. Tsarin mulkin 1999 ya tanadi irin wannan ƙuri'a wajen ƙirƙiro sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma, amma bai buɗe ƙofar ɓallewa ba, tun da ya ce Najeriya ƙasa ɗaya ce da ba ta rabuwa. A shekarar da 'yan Sikotilan suke jefa tasu ƙuri'ar, mu a nan bikin cika shekara ɗari da haɗewar 1914 muke yi, ga kuma taron ƙasa da Mai Shari'a Idris Kutigi ya shugabanta daga Maris zuwa Agusta.

Game da ɗan ƙarin da ka yi a ƙasan takardarka, kan Baturen da aka ce ya ratsa ƙasar Katsina tun kafin zuwan su Lugga, shi ne Hugh Clapperton, kuma ɗan Sikotilan ne daga garin Annan. Ya ƙetaro hamada daga Tarabulus ya biyo ta Barno, abokin tafiyarsa Likita Walter Oudney, shi ma ɗan ƙasar, ya rasu a hanya kusa da Katagum a watan Janairun 1824. Clapperton ya isa Kano, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a kan hanyarsa ta komawa ya yada zango a birnin Katsina. Ya sake dawowa ta gabar teku a tafiya ta biyu, ciwo ya kama shi, ya rasu a watan Afrilun 1827, aka binne shi a wajen garin Sakkwato.